George Wythe: Malamin Lauyoyin da Doka Ta Rufe Bakin Shaidar Kisansa

Ranar Lahadi, 25 ga Mayu, 1806, mutum uku suka faɗi rashin lafiya a gida ɗaya a birnin Richmond na jihar Virginia, jim kaɗan bayan karin kumallo. Na farko shi ne maigidan, George Wythe, dattijon alƙali mai shekara 80 a duniya. Sai Lydia Broadnax, mai dafa masa abinci, wadda baiwarsa ce a da kafin ya 'yanta ta. Na ukun wani yaro ne ruwa biyu, Michael Brown, ɗan shekara 16 ko kusa da haka, wanda dattijon ke koya wa karatu. Likitocin da aka kira suka ce amai da gudawa ne irin na kwalara. Dattijon ya ce a'a, guba aka ba shi. Yaron ya cika ranar 1 ga Yuni, dattijon ya bi shi ranar 8 ga wata. Lydia ta tashi, amma idanunta ba su koma daidai ba.

Akwai mutum na huɗu a gidan, wanda ko ciwon kai bai yi ba: George Wythe Sweeney, jikan 'yar'uwar dattijon, takwaransa kuma, matashin da bai kai shekara 20 ba. Caca ta riga ta cinye shi. Ya sha kwasar littattafan kakan nasa yana sayarwa, ya kuma yi ta kwaikwayon sa hannunsa a kan cekin banki. Wasiyyar dattijon ta ba shi kaso mai tsoka, ta kuma ce idan Michael Brown ya rasu kafin ya mallaki hankalin kansa, rabon yaron ma ya koma hannunsa. Lydia ta ce ta ga Sweeney yana zuba wani abu a tukunyar kofi. Kowa a Richmond ya ji wannan magana, in ban da kotu. Dokar Virginia ba ta yarda baƙar fata ya ba da shaida a kan farar fata ba, ko bawa ne ko ɗa. Aka sallami Sweeney.

Abin da ya sa wannan labari ya wuce na rikicin gado shi ne wanda aka kashe ɗin. Wythe ne farfesan shari'a na farko a Amurka. Shi ya koya wa Thomas Jefferson, wanda ya zama shugaban Amurka na uku, aikin lauya; John Marshall, wanda ya zama alƙalin alƙalan ƙasar, ya zauna a ajinsa; Henry Clay, wanda daga baya ya zama babban ɗan siyasa, ya yi masa magatakarda. Sunansa ne a saman sunayen 'yan Virginia da suka sa hannu a takardar shelar 'yancin kan Amurka ta 1776. Kuma yana cikin mutum ukun da suka yi wa jihar aikin tace dokokinta bayan an rabu da Ingila, aikin da ya bar dokar shaidar nan a inda ya same ta.

An haife shi a 1726 a gandun gidansu, Chesterville, kusa da inda birnin Hampton yake a yau. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara uku, kuma bisa dokar gado ta Ingila ta wancan zamani, ƙasa ta babban ɗa ce shi kaɗai. George ba shi ne babba ba, don haka sai ya nemi sana'a. A lokacin babu makarantar koyon aikin lauya ko ɗaya a duk faɗin yankunan da Ingila ke mulka a Amurka. Mai hali ya tura ɗansa Landan, marar hali ya kai shi wurin wani lauya ya zauna, yana kwafar takardu, yana karanta abin da ya samu a kan kanta, kamar dai yadda ake kai yaro wurin maƙeri ko maɗinki. Wythe ya zauna wurin wani ɗan'uwansu lauya, Stephen Dewey, ya sami lasisi a 1746 yana ɗan shekara 20. Harsunan Latin da Girkanci kuwa a wurin mahaifiyarsa ya fara su, sauran ya ƙarasa da kansa, har da tsufansa ya kama koyon Ibrananci. Duk wanda ya ga yadda daga baya ya ɗauki koyarwa da muhimmanci zai gane cewa bai gamsu da irin koyon da aka yi masa ba.

Ya yi aure a 1747, matar ta rasu cikin ƙasa da shekara. Ya koma Williamsburg, babban birnin Virginia a lokacin, ya zama akawun kwamitocin majalisar dokoki. A nan ne ya fara nuna irin halinsa. A 1752 gwamnan da Ingila ta turo, Robert Dinwiddie, ya ƙaƙaba kuɗin hatimi a kan kowace takardar mallakar fili. Majalisa ta tura babban lauyan gwamnati, Peyton Randolph, ya kai ƙara Landan. Gwamna ya fusata, a 1754 ya tuɓe shi, ya naɗa Wythe, saurayi ɗan shekara 28. Da Randolph ya dawo, Wythe ya sauka ya bar masa kujerarsa. Shekara ta gaba wansa ya rasu ba magaji, gandun Chesterville da bayin da ke cikinsa suka faɗo hannunsa, ya kuma auri Elizabeth Taliaferro, wadda mahaifinta ya gina gidan da har yau masu yawon buɗe ido ke ziyarta a Williamsburg da sunan Wythe.

Daga nan sai muƙamai suka biyo juna: ɗan majalisa, magajin garin Williamsburg a 1768, akawun majalisa daga 1769, wakilin Virginia a babban taron yankuna a Philadelphia a 1775 da 1776, kakakin majalisar wakilan jiha a 1777. Ba ɗan siyasar dandali ba ne. A 1764 shi ya rubuta takardar ƙorafin Virginia zuwa majalisar Birtaniya a kan harajin kan sarki da ake shirin sakawa, da kalamai masu zafin da sai da abokan aikinsa suka rage musu kaifi. Amma a 1765, da ɗan majalisa Patrick Henry ya tashi da ƙudurorinsa masu ƙuna a kan wannan haraji, Wythe yana cikin waɗanda suka ƙi, don yana ganin garaje ne. Mutum ne mai son a bi ta ƙofa, ko da kuwa gidan ake shirin rushewa.

Inda ya fi barin gurbi shi ne koyarwa. Jefferson ya zo hannunsa a 1762, ya yi kusan shekara biyar kafin ya fara tsayawa a babbar kotu a 1767, a zamanin da wasu ke karatun 'yan makonni su karɓi lasisi. Da Jefferson ya zama gwamna, sai ya sa aka buɗe kujerar farfesan shari'a a Kwalejin William da Mary a ƙarshen 1779, aka ba malaminsa. Da aka mayar da babban birni Richmond a 1780, tsohon ginin majalisa ya zama kango, Wythe ya mayar da shi aji. Yakan shirya kotun gwaji, ɗalibai su tsaya a matsayin lauyoyi, mutanen gari su zo kallo. Yakan kuma shirya majalisar gwaji, shi yana kakaki, ɗalibai suna muhawara a kan ainihin ƙudurorin da jihar ke dubawa. Abin da yake nema a fili yake: sabuwar ƙasa da ta kori sarki tana bukatar mutanen da suka san yadda ake rubuta doka, ba masu baki kawai ba. John Marshall ya yi 'yan makonni ne kurum a wannan aji a 1780, kuma shi ke nan karatun shari'ar da ya taɓa yi a makaranta kafin ya shugabanci Kotun Ƙolin Amurka shekara 34.

A 1782 aka kawo wata shari'a da masana ke komawa kanta har gobe. An yanke wa mutum uku, ɗayansu John Caton, hukuncin kisa saboda taimaka wa Ingila lokacin yaƙin neman 'yancin kai. Majalisar wakilai ta yi musu afuwa, ta dattawa ta ƙi amincewa. Tambayar da ta taso ita ce: idan doka ta ci karo da tsarin mulkin jiha, wa zai ce a tsaya? A Ingila amsar a bayyane take, majalisa ce ƙarshen magana. Wythe ya yanke cewa afuwar zaure ɗaya ba ta isa ba, amma bai tsaya nan ba. Ya ce ko da majalisar gaba ɗayanta ce ta nemi tsallake iyakar da jama'a suka shata mata, shi daga kujerarsa zai tare ta, ya nuna mata tsarin mulki, ya gaya mata cewa nan ikonta ya ƙare. Shekara 21 bayan haka, a 1803, tsohon ɗalibinsa Marshall ya kafa wannan ƙa'ida ga ƙasar baki ɗaya a shari'ar Marbury da Madison. Duk ƙasar da a yau kotunta ke iya soke dokar majalisa don ta saɓa wa tsarin mulki, wani reshe na wannan tunani take ci.

Kotun da Wythe ya yi kusan shekara 30 a cikinta ita ce wadda ake kira Chancery, kotun gado da amana da bashi da filaye, inda alƙali ke duba adalcin lamari ba harafin doka kaɗai ba. Daga 1789 shi kaɗai ne alƙalinta, abin da ya sa ya koma Richmond a 1791. A nan ya yanke hukuncin da ya ɓata masa da manyan gari. Manoman taba na Virginia sun ci bashin 'yan kasuwar Birtaniya har wuya. Jefferson da kansa ya ƙiyasta bashin da fam miliyan 2. Lokacin yaƙi jihar ta ba su damar su zuba kuɗin takarda da darajarsa ta zube a baitulmali, a rubuta cewa sun biya. A 1793 Wythe ya ce wannan ba biya ba ne, bashi yana nan, ko da mai bin bashin abokin gaba ne jiya. A garin da kusan duk mai faɗa a ji yana cikin masu cin bashin, wannan ba ƙaramin ƙarfin hali ba ne. Kotun Ƙolin Amurka ta bi wannan hanya a 1796.

Yana da nasa rauni. Abokin hamayyarsa tun suna lauyoyi, Edmund Pendleton, shi ke shugabantar kotun ɗaukaka ƙara, yana kuma yawan rushe masa hukunci. Abin ya ci wa Wythe rai har a 1795 ya buga littafi guda na hukunce-hukuncensa, yana bin alƙalan sama ɗaya bayan ɗaya yana nuna kurensu, da ambaton marubutan Girka da Rum da lissafin da yawancin masu karatu ba su iya bi ba. Henry Clay, wanda ke rubuta masa saboda hannunsa na dama ya daina riƙe alƙalami, ya sha wahalar kwafar Girkancin da bai san ko harafinsa ba. Akwai girman kai irin na malamai a cikin wannan, wanda ba ya jawo magoya baya.

Maganar bauta ita ce ƙashin bayan labarinsa, kuma ba ta miƙe ba. A 1770 wani bawan wa'adi mai suna Samuel Howell ya nemi 'yanci, Jefferson ya tsaya masa, ya ce bisa dokar halitta kowa ɗa aka haife shi. Lauyan ubangidan kuwa Wythe ne. Alƙalai suka katse Jefferson, suka ba Wythe nasara tun bai buɗe baki ba. Daga 1776 zuwa 1779 shi da Jefferson da Pendleton suka tsara ƙudurori 126 don sabunta dokokin jihar. A ciki akwai wanda ya zama dokar 'yancin addini a 1786, akwai wanda ya soke fifita babban ɗa a gado. Amma da aka zo kan bayi, sai aka tattara tsofaffin dokoki aka sake musu shiri, har da wadda ta hana baƙar fata shaida a kan farar fata. Wanzami ba ya son jarfa: mutanen da suka cika duniya da kukan cewa Ingila na neman mayar da su bayi, ƙidayar 1790 ta nuna suna riƙe da bayi kusan 293,000 a Virginia kaɗai, wajen kashi 40 cikin ɗari na jama'ar jihar.

Wythe ya sauya, a hankali. A 1787 ya bar taron rubuta tsarin mulkin Amurka a Philadelphia tun a makonnin farko don matarsa ba ta da lafiya, ta kuma rasu a watan Agusta. Ba su bar ɗa ba. A wannan shekara ya 'yanta Lydia, bisa dokar 1782 da ta halatta wa iyayengiji yin haka, daga baya ya 'yanta wasu. Sai dai wasu bayin ya mayar wa dangin matarsa, suka ci gaba da zama cikin bauta. A ƙarshen shekarun 1790 ya yanke hukuncin da ya tabbatar da wasiyyar wani attajiri, John Pleasants, wadda ta kai ga 'yanta bayi fiye da 400, duk da turjiyar wasu magada.

Sai shari'ar ƙarshe, a 1806. Wata mata mai suna Jackey Wright da 'ya'yanta suka yi ƙarar mutumin da ke riƙe da su, Hudgins. Tun 1662 dokar Virginia ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, su kuma suka ce kakarsu ta wajen uwa 'yar asalin ƙasar ce, Ba'indiyar Amurka, ba baiwa ba. Wythe ya 'yanta su bisa dalili biyu. Na farko, kamanninsu na fararen fata ne. Na biyun shi ne ya girgiza gari: sashe na farko na shelar haƙƙoƙin Virginia ta 1776 ya ce dukkan mutane 'yantattu ne bisa halitta, saboda haka 'yanci shi ne asali, wanda ya ce wani bawansa ne shi zai kawo hujja.

Wanda ya ɗan zauna a zauren fiƙihu zai ji maganar ba baƙuwa ba ce: hujja tana kan mai da'awa. Malam Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa mai kama da wannan a 1615, da aka tambaye shi game da bayin da ake kaiwa arewacin Sahara. Ya ce launin fata ba dalilin bauta ba ne, ya lissafa Kano da Katsina da Borno cikin ƙasashen da mutanensu Musulmi ne, ya ce wanda ya fito daga irinsu ya ce shi ɗa ne, a kan mai riƙe da shi hujja take. Shi ma ya ja nasa layin, don kariyar tasa ba ta kai ga wanda ba Musulmi ba. Abin lura dai shi ne, a duk inda aka yi bauta, rigimar malaman shari'a takan tattaru a wuri ɗaya: idan aka rasa tabbas, wa za a gaskata?

Inda a ce hujjar Wythe ta biyu ta tsaya, da kowane mai bayi a Virginia sai ya nemo takardar da ke nuna cewa kakar kakar bawansa baiwa ce, abin da yawancinsu ba su da shi. Massachusetts ta bi irin wannan hanya a farkon shekarun 1780, kotunanta suka dogara da kalmomi kusan iri ɗaya a tsarin mulkin jihar, bauta ta mutu a can. Amma bayin Massachusetts 'yan kaɗan ne. A Richmond kuwa, ba a manta da yunƙurin tawayen bayi na Gabriel a 1800 ba, ga labarin Haiti da bayi suka ƙwace ƙasa a 1804, kuma a farkon 1806 ɗin nan majalisa ta kafa doka cewa duk bawan da aka 'yanta ya bar jihar cikin wata 12. Iska ba ta kaɗawa ta wajen dattijon.

Cikin makonni biyun da Wythe ya yi yana jinya, an kama Sweeney kan cekin jabu, ya aiko a roƙi kakansa ya tsaya masa beli, dattijon ya ƙi. Da ya ji Michael ya rasu, ya sa aka gyara wasiyya, ya cire jikan gaba ɗaya. Tun kafin nan ya rubuta cewa Jefferson, wanda a lokacin shi ne shugaban ƙasa, ya kula da karatun yaron, ya kuma bar wa Jefferson ɗin littattafansa. Ya nemi a buɗe cikinsa a duba bayan ya mutu. Likitoci uku suka yi aikin, manyan likitocin gari, amma ba su yi gwajin da zai tabbatar da gubar asanik ba, wadda ake sayarwa a matsayin maganin ɓera, kuma an sami irinta a kayan Sweeney. A kotu suka ce mai yiwuwa guba ce, mai yiwuwa kuma wani ciwon ne. Lauyoyin da suka kare matashin manya ne: Edmund Randolph, babban lauyan gwamnatin Amurka na farko, da William Wirt, wanda daga baya ya riƙe wannan muƙami shekara 12. A watan Satumba masu taya alƙali yanke hukunci suka ce ba shi da laifi, aka kuma janye tuhumar kisan Michael Brown. Ko laifin cekin bai kama shi ba, don an rubuta dokar jabu tun kafin a kafa Bankin Virginia a 1804, ba ta ambaci ceki ba. Sai daga baya majalisa ta toshe wannan kafa. Ta shaidar baƙar fata kuwa ta zauna har bayan yaƙin basasar Amurka, shekara 60 a gaba.

Da sauƙi mutum ya ce ramin da ya gina ne ya rufta da shi. Ni ban ga haka ba. Dokar shaidar ta girmi aikin kwamitinsa da shekaru da yawa, kuma inda su ukun sun soke ta a takarda, majalisar masu bayi ba za ta bari ta wuce ba. Laifinsa, in laifi ne, irin na mai bin ƙofa ne: ya yarda cewa in aka rubuta ƙa'ida mai kyau, aka kuma horar da mutanen kirki su riƙe ta, sannu a hankali za ta cinye mummunar al'ada. Ya rubuta, ya horar. Amsar ta zo a watan Nuwamba na 1806, wata biyar bayan an binne shi a harabar cocin St. John, lokacin da kotun ɗaukaka ƙara ta duba shari'ar Jackey Wright. Cikin alƙalan akwai St. George Tucker da Spencer Roane, dukansu sun yi karatu a hannunsa, Tucker ma shi ya gaje shi a kujerar farfesa, har ya taɓa wallafa shawarar a kawar da bauta sannu-sannu a 1796. Suka tabbatar da 'yancin matar da 'ya'yanta, amma suka yi watsi da hujjar malaminsu a fili. Shelar haƙƙoƙi, in ji su, ba ta shafi 'yan Afirka da zuriyarsu ba. Mai kama da farar fata ko Ba'indiye ɗa ne sai an tabbatar da akasin haka. Mai kama da ɗan Afirka bawa ne sai ya kawo hujja. Tucker har ya bayyana yadda alƙali zai gane, ta siffar hanci da irin gashi.

A watan Afrilu na 1807 Lydia Broadnax ta aika wa shugaban ƙasa wasiƙa. Ta ce tana da gidan zama, amma ga tsufa, ga rashin lafiya, ganinta kuma ya kusa ƙarewa tun ciwon nan da ya kama mutanen gidan lokacin rasuwar maigidanta, wanda ake zaton guba ce. Tana neman ɗan abin da za ta nemi maganin ido. Jefferson ya sa aka ba ta dala 50.